Yadda Ake Tsara Ƙaramin Akwatin Kifi Mai Tsirrai Ba Tare da Na'urori Masu Tsada Ba

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ana ƙara ganin akwatunan gilashi masu ɗauke da ƙananan kifaye a falukan gidaje, ofisoshi, asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu. Wannan akwati shi ne Turawa ke kira akwariyam. Sai dai abin da aka saba gani shi ne mutum ya sayi akwati da kifi a rana guda, ya cika shi da ruwan famfo, ya jera furannin roba a ciki. Kafin mako biyu ruwan ya gurɓace, kifayen sun shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin da aka kashe kuma sun tafi a banza. Mafi yawan wannan asara tana faruwa ne saboda rashin tsari tun daga farko.

A wannan maƙala za mu yi bayanin yadda ake tsara ƙaramin akwati mai tsirrai masu rai, wanda ba ya bukatar tukunyar iskar kabon ko fitilu masu ƙarfi, kuma zai iya jure ɗauke wutar lantarki na wasu sa'o'i ba tare da kifin ya halaka ba. Ƙa'idar da muke son mai karatu ya riƙe ita ce: a fara duba wuri da yanayi, a zaɓi tsirran da za su iya rayuwa a cikinsu, a sayi kayan aikin da tsirran ke bukata, kifi kuma ya zo a ƙarshe. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane.

Tushen Wannan Dabara

A shekarar 1850 wani masanin sinadarai na Ingila mai suna Robert Warington ya gabatar da rahoton wani gwaji da ya yi. Ya sanya kifin ado guda biyu da wata ciyawar ruwa mai suna Vallisneria a cikin mazubin gilashi. Da ganyayen da suka mutu suka fara ruɓewa, ruwan kuma ya soma lalacewa, sai ya ƙara 'yan katantanwa domin su cinye su. Daga nan ruwan ya zauna garau na dogon lokaci ba tare da an canza shi ba. A 1853 aka buɗe wa jama'a ɗakin kifi a gidan namun daji na Landan, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya wallafa littafin da ya yaɗa sunan akwariyam a duniya. A zamaninmu, wata masaniyar ƙananan halittu 'yar Amurka, Diana Walstad, ta farfaɗo da wannan hanya a littafin da ta fitar a 1999, inda ta nuna cewa ƙasar noma da aka rufe da tsakuwa tana iya ciyar da tsirrai shekaru da dama.

Yadda abin yake aiki kuwa shi ne, kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta hanyar numfashi da kashinsa, kuma amoniya guba ce gare shi. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da matatar ruwa, waɗanda ke mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Su kuwa tsirrai suna shan amoniya kai tsaye a matsayin taki, idan kuma akwai haske suna fitar da iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Saboda haka tsiro mai lafiya matata ce mai zaman kanta, wadda ba ta dogara da wutar lantarki.

Abin da ke taƙaita girman tsiro a cikin ruwa shi ne ƙarancin iskar kabon. Wannan iska tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kimanin sau 10,000 ƙasa da saurin da take ratsa sarari. Masu akwatunan zamani masu tsada, irin waɗanda Takashi Amano na ƙasar Japan ya shahara da su, sukan ɗura iskar daga tukunya har ta kai kimanin miligiram 30 a kowace lita, su haɗa da haske mai ƙarfi da taki na kullum. A tsarin da muke magana a kai, iskar kabon tana samuwa ne daga numfashin kifi da ruɓewar ganye a cikin ƙasa, kuma ba ta wuce 'yan miligiram kaɗan. Don haka dole hasken ya zama matsakaici, tsirran kuma su zama masu haƙuri. Idan haske ya fi abin da tsirran za su iya amfani da shi, gansakuka ce za ta ci moriyarsa.

Zaɓen Wuri da Girman Akwati

Mutane da yawa na zaton ƙaramin akwati ya fi sauƙin kulawa. Gaskiyar magana ita ce ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin gurɓata. Shawararmu ga mai farawa ita ce akwatin da ke ɗaukar lita 40 zuwa 60. Ana gane yawan litar ne ta hanyar ninka tsawo da faɗi da zurfi a ma'aunin santimita, sannan a raba da 1,000. Misali, akwati mai tsawon santimita 60, faɗin 30 da zurfin 30 yana ɗaukar lita 54. Da shi za mu riƙa yin lissafi a sauran wannan bayani. Akwati mai faɗi ya fi mai zurfi amfani, domin ta saman ruwa iska ke shiga, kuma haske ya fi isa ƙasa.

Idan mai aikin gilashi ne zai haɗa shi, gilashi mai kaurin milimita 5 zuwa 6 ya wadatar ga wannan girma. A tabbatar an liƙe shi da gam na silikon zalla, wanda ba a haɗa shi da maganin funfuna ba, domin irin wanda ake amfani da shi a banɗaki yana kashe kifi. Bayan gam ya bushe, a cika akwatin da ruwa a tsakar gida a bar shi kwana biyu domin a tabbatar ba ya yoyo.

Kowace lita ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya. Idan aka haɗa da gilashi, ƙasa da duwatsu, akwatin lita 54 zai kai kilo 70 ko fiye. Saboda haka ana bukatar tebur mai ƙwari wanda samansa ya daidaita, a shimfiɗa siririn soso ko roba a ƙarƙashin gilashin. A ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da ɗakin girki, nesa da inda rana ke bugawa kai tsaye, kuma inda ƙananan yara ba za su iya jawo shi ba. Kusa da taga mai haske wadda rana ba ta shigowa ta cikinta wuri ne mai kyau, domin tsirrai za su samu ɗan haske ko da babu wuta. Murfi wajibi ne: yana hana ƙurar hunturu shiga, yana hana kifi tsalle, yana kuma rage ƙafewar ruwa. A bar 'yar kafa domin iska.

Ƙasa da Tsakuwa

Akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a shimfiɗa ƙasar lambu mai kaurin santimita 2.5, a rufe ta da yashi mai gautsi ko ƙananan tsakuwa su ma santimita 2.5. A akwatin da muka ɗauka misali, wannan na nufin lita huɗu da rabi na ƙasa da lita huɗu da rabi na tsakuwa. Ƙasar ta kasance daga wurin da ba a zuba takin zamani, kashin dabbobi ko maganin ƙwari ba. A tankaɗe ta, a cire itace da duwatsu, a jiƙa ta a shanya sau biyu ko uku kafin amfani, domin hakan na rage amoniyar da za ta saki a makonnin farko. Kada a wuce wannan kauri. Ƙasa mai zurfi tana rasa iska, ta riƙa fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, saiwoyi kuma su ruɓe.

Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da yashi ko tsakuwa zalla mai kaurin santimita 4 zuwa 5, a riƙa cusa ƙwayar takin tsirran ruwa a gindin masu saiwa duk bayan 'yan watanni. Wannan ta fi tsabta, ta kuma fi dacewa da wanda zai riƙa sauya wa tsirrai wuri, amma girman tsirran ya fi jinkiri.

Ko wace hanya aka bi, a wanke yashin da ruwa zalla har sai ruwan ya fito garau. Kada sabulu ko omo ya taɓa wani abu da zai shiga akwatin. Duk dutsen da za a saka domin ado, a ɗiga masa ruwan lemon tsami ko ruwan khal. Idan ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai ƙara wa ruwa nauyi, gara a bar shi. Itacen ado ya zama busasshe mai tauri, a ɓare ɓawonsa, a tafasa shi ko a jiƙa shi makonni har ya nutse.

Haske

Fitilar LED mai farin haske, wadda aka rubuta 6500K a jikin kwalinta, ta wadatar. Abin da ake bukata shi ne kimanin lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita, wato lumen 600 zuwa 1,000 ga akwatin lita 54, wanda fitila mai wat 8 zuwa 10 ke bayarwa. A watan farko a kunna ta sa'o'i 6 a rana, daga baya a ƙara zuwa 8. Walstad ta ba da shawarar raba hasken gida biyu, a kashe fitila na wasu sa'o'i da tsakar rana domin iskar kabon ta sake taruwa a cikin ruwa. Wannan shawara ta dace da ƙasashe masu zafi, domin tana rage ɗumamar ruwa a lokacin da rana ta fi ƙuna. Barin fitila a kunne dare da rana kuskure ne da ke haifar da gansakuka, kuma kifi ma yana bukatar duhu domin hutawa.

Matatar Ruwa, Iska da Zafi

Matatar soso wadda ƙaramin famfon iska ke sarrafawa ita ce mafi dacewa. Ba ta da tsada, ba ta tsotse 'ya'yan kifi, kuma sosonta gida ne ga bakteriya masu amfani. Famfon wat 2 zuwa 3 ya isa. A yanzu akwai irin waɗanda ke aiki da batir ko wayar USB, waɗanda za a iya haɗawa da ma'ajiyar cajin waya ko ƙaramar sola. Wannan yana da muhimmanci musamman da dare, domin idan babu haske tsirrai ma shaƙar oksijin suke yi. A ɗora famfon sama da matakin ruwa, ko a sanya bawul a jikin tiyo, domin kada ruwa ya koma cikinsa idan wuta ta ɗauke. A rage ƙarfin kumfar, saboda yawan motsa ruwa yana korar ɗan iskar kabon da tsirrai ke bukata.

Idan aka lissafa, fitilar wat 10 ta sa'o'i 7 da famfon wat 3 na sa'o'i 24 ba su wuce yunit huɗu da rabi na lantarki a wata ba.

Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi, shi ya sa suke sanya na'urar ɗumama ruwa a sahun gaba. A wurinmu zafi ne babban abokin gaba. Yawancin ƙananan kifaye da tsirrai sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa mai zafin digiri 25 yana riƙe kimanin miligiram 8.3 na oksijin a lita, a digiri 30 ya ragu zuwa 7.6, a digiri 35 kuma ya sauko zuwa wajen 7, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatar iska, kuma gubar amoniya ta fi ƙarfi. Saboda haka ma'aunin zafi ya fi na'urar ɗumama ruwa muhimmanci. Daga watan Maris zuwa Mayu, idan ruwa ya haura digiri 30, a maye gurbin murfi da raga, a saita ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwan. Wannan na iya rage digiri 2 zuwa 3. A rage sa'o'in fitila, a rage abinci. Kada a zuba ƙanƙara kai tsaye, domin sauyin gaggawa ya fi zafin illa. A lokacin hunturu kuma, idan ma'auni ya nuna ruwa na sauka ƙasa da digiri 22 da asuba, a lulluɓe akwatin da bargo da dare, ko a sayi na'urar ɗumamawa mai wat 50.

Har ila yau, a kula da lafiyar masu gida. A cire duk wayoyin lantarki daga soket kafin a sa hannu a ruwa, kuma a bar kowace waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta kai soket, domin ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa.

Zaɓen Tsirrai

Nan ne nasarar aikin take. Ana bukatar rukuni uku: masu saurin girma da za su sha amoniya tun ranar farko, masu saiwa da za su raya ƙasa, da masu jinkirin girma da ke jure inuwa.

A cikin masu jure inuwa babu kamar Anubias barteri, tsiron da asalinsa daga yankinmu yake, domin yana fitowa a bakin rafukan daji na kudu maso gabashin Nijeriya, Kamaru da tsibirin Biyoko. Masanin tsirrai Heinrich Schott ne ya bayyana shi a 1860, ya sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya shiga ayarin Baikie na binciken kogin Neja a 1857, ya kuma rasu a 1859. Ƙaramin nau'insa da ake kira nana, daga Kamaru, shi ya fi dacewa da ƙaramin akwati. Ganyensa kauri gare shi, yana fitar da sabon ganye ɗaya a cikin makonni. Yana da tushe mai kwanciya irin na citta, kuma idan aka binne wannan tushe zai ruɓe. Ana ɗaure shi ne da zare a jikin dutse ko itace har saiwoyinsa su kama. Haka ake yi wa tsiron Java, wato Microsorum pteropus na kudu maso gabashin Asiya, wanda ke haifar 'ya'ya a gefen tsofaffin ganyayensa. Duk su biyun a ajiye su a inuwa, domin a ƙarƙashin haske mai ƙarfi gansakuka ke rufe musu ganye.

A cikin masu saiwa, Vallisneria, wadda Warington ya yi gwajinsa da ita, tana da dogayen ganye kamar na albasa, tana yaɗuwa da kanta ta ƙarƙashin yashi, kuma wurinta shi ne bayan akwati. Tana iya samun kabon daga gishirin baikabonet da ke cikin ruwa mai nauyi, don haka takan yi kyau a ruwan rijiyar burtsatse na wurare da dama. Wajen dasa ta, a binne saiwa kawai, a bar gindin ganye a sama. Cryptocoryne wendtii ta ƙasar Siri Lanka gajeriya ce, ta dace da tsakiya. Tana da wata ɗabi'a da ke firgita masu farawa: bayan dasawa ganyayenta kan narke baki ɗaya. Kada a tumɓuke ta, domin saiwar na da rai, kuma sababbin ganye za su fito cikin makonni kaɗan. Bado da muka sani a tafkunanmu, wato Nymphaea lotus, shi ma sananne ne a kasuwannin tsirran akwariyam na duniya, musamman mai jan ganye. Sai dai yana girma sosai. Guda ɗaya ya isa, kuma a riƙa yanke ganyen da ya nufi saman ruwa domin kada ya rufe haske.

A cikin masu saurin girma akwai Ceratophyllum demersum, ciyawar da ba ta da saiwa, mai sirara-siraran ganye kamar allura, wadda ake samu a ruwaye na kusan dukkan nahiyoyi. Ana barin ta ne tana yawo a cikin ruwa. Sai kuma kainuwa, dashen Allah, wadda masana ke kira Pistia stratiotes. Da yake ganyenta a sarari yake, tana samun iskar kabon ba iyaka, saboda haka tana shan dattin ruwa fiye da tsirran da ke nutse, dogayen saiwoyinta kuma maɓoya ce ga 'ya'yan kifi. Ba ta son ɗigon raɓar murfi a kan ganyenta, kuma dole a riƙa rage ta kowane mako ta yadda ba za ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa ba.

Ga akwatin lita 54 muna ba da shawarar wannan haɗi: Vallisneria 8 zuwa 10 a baya, Cryptocoryne 4 ko 5 a tsakiya, Anubias 2 da tsiron Java 1 a jikin itace, damin Ceratophyllum ɗaya, da kainuwa 3 ko 4 ƙanana. A dasa su da yawa tun ranar farko, har su rufe fiye da rabin ƙasan akwatin. Akwatin da aka fara da tsiro biyu ko uku gansakuka ce ke riga su kama wuri. A guji tsirrai masu jajayen ƙananan ganye da masu shimfiɗuwa kamar darduma da ake gani a hotuna, domin galibinsu sai da tukunyar kabon. Haka kuma a lura, wasu masu sayarwa na nutsar da furannin tudu su sayar a matsayin na ruwa, kuma waɗannan ruɓewa suke yi cikin 'yan makonni.

Gargaɗi Game da Tsirran Kududdufi

Wanda zai ɗebo kainuwa ko bado daga tafki ko kududdufi ya sani cewa wasu katantanwar irin waɗannan ruwaye ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ƙwayar tana shiga jiki ta fata. A sa safar hannu da takalmin roba. A wanke tsirran, a cire duk katantanwa da ƙwanta, a jiƙa su kwana biyu a ruwan alif, wato alam ɗin da ake tace ruwa da shi, babban cokali ɗaya a lita 4, a ɗauraye sosai, sannan a ajiye su a bokiti na dabam mako biyu ana dubawa kafin su shiga akwati.

Bugu da ƙari, kada a zubar da ragowar tsirrai ko kifin akwati a kogi, dam ko magudanar ruwa. Furen ruwan nan na Kudancin Amurka da ake kira hayasint ado ne ya yaɗa shi a duniya, kuma tun da ya bayyana a ruwan Badagiri a 1984 yake toshe hanyoyin jiragen ruwa da wuraren kamun kifi a Nijeriya. A shanya ragowar tsirrai su bushe, ko a binne su a matsayin taki.

Ruwa da Makonnin Farko

Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kilorin, wanda ke kashe kifi da bakteriya masu amfani. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti na sa'o'i 24 zuwa 48, ko a ɗiga maganin cire kilorin, wanda shi ne ya fi tabbas, domin akwai nau'in da ake kira kiloramin wanda ba ya fita da ajiya. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kilorin, amma idan yana da ɗanɗanon kanwa ko gishiri a gauraya shi da ruwan sama da aka tara a mazubin roba mai tsabta.

Wajen cika akwati, a ɗora faranti a kan yashi a riƙa zuba ruwa a kansa a hankali domin kada ƙasa ta tashi. Bayan dasa tsirrai da kunna matata, a bar akwatin babu kifi na mako 4 zuwa 6. A wannan lokaci ne bakteriya ke yawaita. Idan tsakuwa zalla aka yi amfani da ita, a riƙa jefa ɗan ƙwayar abincin kifi duk bayan kwana biyu domin su samu abin ci. Idan ƙasa ce, amoniyar da take saki ta ishe su. Matse soson tsohon akwati mai lafiya a cikin sabon yana gaggauta aikin. Wanda ya samu kayan gwajin ruwa ya jira har amoniya da naitirait su nuna sifili. Ruwan zai iya yin fari-fari a makon farko, gilashi kuma ya yi ƙasa-ƙasa. Duk wannan yana wucewa. Sabon ganye a jikin tsirrai shi ne alamar cewa akwatin ya kama.

Zaɓen Kifi

Tarwaɗa da karfasa ba su dace ba, domin suna girma, suna tono, suna kuma cin tsirrai. Haka ma jan kifin ado na ƙasar Sin da aka fi sayarwa: yana son ruwa mai sanyi, yana yawan kashi, yana bukatar wuri mai faɗi. Ga akwatin lita 54 za a iya zaɓar ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Gupi 6 zuwa 8. Kifi ne mai juriya wanda asalinsa daga arewacin Kudancin Amurka yake, yana kuma cin 'ya'yan sauro. Macen tana haihuwa kusan kowane wata, saboda haka wanda ba ya son cunkoso ya ajiye maza zalla.

2. Beta namiji guda ɗaya. Asalinsa daga Tailan yake, yana jure ɗumi, kuma yana da wata gaɓa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa, abin da ya sa ya dace da inda wuta ke yawan ɗaukewa. Maza biyu ba sa zama tare.

3. Fundulopanchax gardneri, namiji ɗaya da mata biyu. Ƙaramin kifi ne mai launuka na rafukan Nijeriya da Kamaru, wanda bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba. Gwanin tsalle ne, kuma ya fi son ɗaki mai sanyi.

A shigar da kifi kaɗan-kaɗan, rabi a makon farko, saura bayan mako biyu. A ɗora ledar da aka kawo su a kan ruwan akwati na minti 20, a riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan a kwashe kifin da raga, a zubar da ruwan ledar a waje.

Kulawa ta Yau da Kullum

A ba kifi abinci sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin akwati. A watanni biyu na farko a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Idan tsirrai suka kankama, sau ɗaya a mako biyu ya isa. Ƙara ruwa a madadin wanda ya ƙafe ba ya maye gurbin canji, domin gishiri yana nan yana taruwa. Soson matata a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin sau ɗaya a wata, kada a wanke shi a famfo. Idan gansakuka ta yi yawa, a rage haske da abinci kafin a nemi wani magani.

Akwai haɗari guda da ya kamata kowane gida ya sani. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne mai tsanani ga kifi. Kafin a fesa, a kashe famfon iska, a rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Haka kuma a wanke hannu daga man shafawa da turare kafin a taɓa ruwan.

Kammalawa

A taƙaice, kayan da ake bukata su ne akwati da murfinsa, tebur mai ƙwari, ƙasa da tsakuwa, fitilar LED, matatar soso da famfon iska mai batir, ma'aunin zafi, maganin kilorin, ƙaramar raga, tiyo da bokitin da aka keɓe wa wannan aiki kaɗai. Idan kuɗi ba su isa a sayi komai lokaci guda ba, a fifita tsirrai da fitila, a jinkirta kayan ado, domin kifin ma sai bayan wata guda zai shigo. Muna kira ga iyaye, malaman kimiyya da matasa masu sha'awar wannan fanni da su rubuta tsarinsu a takarda, su auna zafin ɗakinsu na mako guda, su tabbatar da inda za su samu tsirrai, kafin su sayi kifi ko guda ɗaya. Kifin da aka sa a akwati amana ce a hannun mai shi, ba shi da inda zai gudu idan ruwa ya lalace. Sannu ba ta hana zuwa.